In takarda ta ɓata, laifin wa?

A Amurka, in tsohon soja ya nemi diyyar naƙasa, abu uku ake dubawa: ciwonsa na yau, abin da ya same shi a aikin soja, da shaidar likita mai haɗa su biyun. Nan gizo ke saƙa, domin ba kowane rauni ake rubutawa a fagen fama ba. Shi ya sa dokarsu ta ce in hujjoji sun yi kunnen doki, soja ake ba gaskiya. A 2022 ma aka sauke wa waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraki nauyin tabbatar da asalin wasu cututtuka. A ganinmu wannan shi ne adalci: gwamnati ke ajiyar takardu, in sun ɓata, bai kamata mai rauni ya biya ba.