Madobiya Dukiya Ce, Kada Mu Sayar Da Ita Da Arha

Ƙasar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, Kogin Kwara kuwa ya ratsa ta. Garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya suna dab da iyakar Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahome. Dajin da ke wannan gefe shi ne dai ya zarce wancan gefe, gama itace bai san iyaka ba. Cikin itatuwan wannan daji akwai wani wanda ya kamata kowane yaro ya san shi, watau madobiya.

Madobiya ta kan kai ƙafa 40 ko 50 a tsawo. Ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi. In an sare ta sai wani ƙaro ja ya fito kamar jini, ana rini da magani da shi. Da hunturu ta kan zubar da ganye, sa'an nan ta rufe da furanni masu ruwan ɗorawa, ƙudan zuma su yi ta zuwa. 'Ya'yanta faifai-faifai ne, da ƙayoyi a tsakiya da fiffike a kewaye, don iska ta kai su nesa.

Amfaninta yana da yawa. Ta kan yi sabon ganye da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, shanu sun rame. A lokacin ne makiyaya su ke sassabo rassanta su ba dabbobi. Ita dangin wake da gyaɗa ce, saboda haka saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Itacenta kuwa ƙwari gare shi, gara ba ta cinsa da sauƙi. Masassaƙa suna yin turmi da ƙota da ganga da shi.

To, wannan ƙwari shi ya jawo mata masifa. Attajiran ƙasar Sin suna son jan katako don yin kujeru da gadaje masu tsada. Tun daga wajen 2010 fatake su ka bazu cikin Afirka ta Yamma da zarton inji. Aka yi ta ɗibar gumagumai a motoci zuwa tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Ikko. An yi ɓarna ƙwarai a Gambiya da Gana da Benin, a Nijeriya kuma Jihar Taraba ta sha wuya. A 2016 ƙasashen duniya su ka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, su ka sa madobiya cikin itatuwan da ba a fatauci da su sai da izini. A 2018 masana su ka lissafa ta cikin waɗanda a ke tsoron ƙarewarsu.

Wani zai ce, "Ai talaka na bukatar kuɗi, me zai hana ya sayar da itacen gonarsa?" Gaskiya ne, yunwa ba ta da daɗi. Amma a duba lissafin. Zarto ya kan ka da madobiya kafin a gama shan fura, ita kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kana ta isa sara. Kuɗin da mai gona ya karɓa kaɗan ne, ribar tana wurin fatake, ba ya kuma kai shi wata kaka. Abincin shanu kuwa da inuwa da zuma sun tafi ke nan, har a kan 'ya'yansa. Lalle kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Doka kaɗai ba ta isa ba, gama malamin daji ba zai iya tsare kowane itace ba. Abin da ke raya itace shi ne shuka da tsaro. Ku dubi dogon yaro. Baƙo ne daga Indiya, amma da ya ke an dasa shi an yi masa shinge, ga shi ya cika garuruwanmu. Madobiya 'yar gida ba ta fi cancanta ba?

Ga abin da za ku iya yi, yara. Ku tsinto 'ya'yanta da rani, ku ɓare, ku jiƙa irin kwana ɗaya, ku shuka a lambun makaranta. In damina ta kankama ku dasa, ku kewaye da ƙaya saboda awaki. Kada ku sa wa daji wuta don neman gafiya, gama wuta tana kashe ƙananan itatuwa. In kun ga tohon madobiya a gona, ku roƙi iyayenku su bar shi. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi
1. A wane lokaci madobiya ta ke fure?
2. Don me makiyaya su ke sonta?
3. Faɗi abubuwa uku da za ka yi don kiyaye ta.