Ko ƙarin kuɗi zai rage mace-mace a tsaunin Everest?

Tun daga watan Satumba na shekara ta 2025, duk baƙon da ke shirin hawa tsaunin Everest ta ɓangaren ƙasar Nepal a lokacin bazara sai ya biya dala dubu 15 kuɗin takardar izini, maimakon dala dubu 11 da aka shafe shekaru goma ana biya. Kuɗin izinin lokacin kaka ma ya tashi daga dala 5,500 zuwa dala 7,500.

Matakin ya zo ne bayan an daɗe ana sukar hukumomin birnin Katmandu da cewa suna barin mutane da yawa fiye da kima suna hawa tsaunin, wanda tsayinsa ya kai mita 8,848.86, kamar yadda Nepal da ƙasar Sin suka sanar tare a watan Disamba na 2020.

Sai dai kuma da wuya a ce ƙarin dala dubu 4 zai sa wani ya fasa tafiya. Kuɗin izini ɗan kaso ne kawai na abin da mai hawa yake kashewa. Idan aka haɗa da ladan 'yan jagora, da tukwanen iskar oksijin, da abinci, da tantuna na kusan watanni biyu, jimillar takan fara ne daga wajen dala dubu 40, ta kuma haura dubu 100 a wurin kamfanoni masu tsada. Wanda ya tanadi irin wannan dukiya ba ƙarin zai tsorata shi ba. Abin da wasu ke fargaba ma shi ne masu ƙaramin ƙarfi su nemi cike giɓin ta hanyar komawa ga kamfanoni masu araha, inda ake tsimin iska da ƙwararrun 'yan jagora.

Layi a ƙololuwar duniya

Asalin cunkoson yana da nasaba da yanayi. A mafi yawan shekara iska mai tsananin ƙarfi ce ke kaɗawa a ƙololuwar tsaunin, kuma takan lafa ne na 'yan kwanaki a watan Mayu, gab da faɗuwar damina. A waɗannan kwanaki ne ɗaruruwan mutane ke rububin bin igiya guda. A watan Mayu na 2019 wani hoto da Nirmal Purja, ɗan ƙasar Nepal, ya ɗauka ya bazu a duniya, inda aka ga mutane sun yi dogon layi a kan wani siririn tudu. Mutane 11 ne suka mutu a tsaunin a waccan shekara.

Jinkiri a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Daga mita dubu 8 zuwa sama, iskar da mutum ke shaƙa kusan kashi ɗaya ce cikin uku na wadda yake samu a bakin teku, kuma duk sa'ar da aka ɓata a tsaye tukunyar iska ce ke ƙarewa.

A 2023 Nepal ta ba da izini ga baƙi 478, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin, ta kuma samu sama da dala miliyan 5. A wannan shekarar aƙalla mutane 17 suka rasa rayukansu. Shekara guda bayan haka kotun ƙolin ƙasar ta umarci gwamnati da ta ƙayyade yawan takardun izini gwargwadon abin da tsaunukan za su iya ɗauka, amma kotun ba ta ambaci adadi ba. A nan gizo ke saƙar, domin ƙasa ce mai fama da talauci, wadda takwas daga cikin tsaunuka 14 na duniya da suka haura mita dubu 8 suke cikinta ko kan iyakarta, kuma su ne jarinta.

A watan Afrilu na 2025 gwamnati ta gabatar wa majalisa wani ƙuduri da ke neman sai mutum ya fara hawa wani tsauni mai mita dubu 7 a cikin Nepal kafin a ba shi izinin Everest. Wannan sharaɗi ya fi ƙarin kuɗi ma'ana, tunda yana auna ƙwarewa ne ba aljihu ba, ko da yake kamfanonin ƙetare sun yi ƙorafin cewa bai kamata a taƙaita shi ga tsaunukan Nepal kaɗai ba.

A ɗaya gefen kuma masu hali na neman gajarta tafiyar baki ɗaya. A watan Mayu na 2025 wasu tsofaffin sojojin Birtaniya huɗu sun kai ƙololuwa cikin kimanin kwanaki biyar da barinsu Landan, bayan sun yi watanni suna kwana a tantuna masu ƙarancin iska a gida, sun kuma shaƙi iskar zinon a Jamus. Hukumomin Nepal sun ce za su bincika. Damuwarsu ba ta lafiya kaɗai ba ce: baƙon da ya yi mako guda ba zai bar kuɗi a ƙasar kamar wanda ya yi makonni bakwai ba.

Masu tattaki zuwa gindin tsauni

Mafi yawan masu zuwa yankin ba ƙololuwa suke nufa ba. Dubban mutane a kowace shekara suna tattaki ne zuwa sansanin da ke gindin tsaunin, mai tsayin mita 5,364, tafiyar kusan kwanaki 12 zuwa da dawowa. Ana farawa ne daga garin Lukla, wanda filin jirginsa ke bisa mita 2,800 da ɗoriya, wato ya ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Nijeriya mai mita 2,419. Titin saukar jirgin mita 527 ne kacal, kuma hazo kan hana tashi na kwanaki, saboda haka wanda bai ware ranakun jira ba yakan rasa jirginsa na komawa gida.

Babban haɗarin a nan shi ne gaggawa. Likitoci na ba da shawarar cewa da zarar an wuce mita dubu 3, kada mutum ya ɗaga wurin kwanansa da fiye da mita 500 a dare guda, ya kuma huta kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Shi ya sa ake yada zango na dare biyu a Namche Bazaar, mai mita 3,440. Ciwon kai da amai su ne alamun farko, idan kuma ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, to sai a sauko nan take. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan cuta.

Ga 'yan Afirka ta Yamma akwai ƙarin abubuwa biyu. Masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila, wato rukunin AS, waɗanda suke da yawa a Nijeriya, na iya gamuwa da toshewar jini a saifa a wurare masu tsayi, don haka ganin likita ya zama tilas. Sannan 'yan Nijeriya da Ghana da Kamaru na cikin waɗanda Nepal ba ta ba su biza a filin jirgi, sai sun nema tun kafin su tashi.

Batun inshora ma na da sarƙaƙiya. Babu titin mota a hanyar, jirgi mai saukar ungulu ne ke kwaso marasa lafiya a kan dubban daloli. A 2018 wani binciken gwamnatin Nepal ya gano cewa wasu kamfanoni da asibitoci na haɗa baki suna kwaso matafiya ba tare da dalili ba domin su karɓi kuɗin inshora.

Shi kansa yanayin ya daina bin ƙa'idar da aka sani. Watan Oktoba an san shi da sararin sama garau, amma a farkon Oktoba na 2025 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da matafiya a ɓangaren Tibet, aka ceto kusan mutane 900 har da 'yan jagora. Cibiyar ICIMOD da ke Katmandu ta bayyana a 2023 cewa saurin narkewar ƙanƙarar tsaunukan yankin ya ƙaru da kashi 65 cikin ɗari tsakanin 2011 da 2020, idan aka kwatanta da shekaru goman da suka gabata.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu dai su ne 'yan ƙabilar Sherpa da sauran ma'aikatan ƙasar, masu ɗaure igiya da dakon kaya. Baƙo kan ratsa yankin ƙanƙarar Khumbu mai zaftarewa sau kaɗan, su kuwa sai su yi ta kai da komo. A nan ne ƙanƙara ta hallaka 16 daga cikinsu a ranar 18 ga Afrilu na 2014. Ɗaya daga cikinsu, Kami Rita, ya kai ƙololuwar karo na 31 a watan Mayu na 2025.

A watan Agusta na 2025 gwamnati ta yafe kuɗin izinin tsaunuka 97 a lardunan Karnali da Sudurpashchim na yammacin ƙasar har tsawon shekaru biyu, da nufin karkata hankalin matafiya zuwa can. Matsalar ita ce waɗannan larduna na daga cikin mafi talauci a Nepal, hanyoyi da masauki da asibitoci sun yi musu ƙaranci, kuma baƙi ƙalilan ne suka nemi izinin tsaunukan nasu a shekarun baya, lokacin da kuɗin ma bai taka kara ya karya ba.