Tayoyin gwanjo a hanyar Jega zuwa Maiyama

Malam Edita,

Tayoyin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Baljiyam, sun cika rumfunan masu faci a Jega. Araha ce ke jan direbobi, har da masu ɗauko albasa daga Aliero, alhali hukumar kwastam ta sa tsofaffin tayoyi cikin kayan da aka hana shigowa da su.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne mai mota ya saya, ya ɗora da kansa a gida. Ƙarfen ɓamɓare taya yakan ci leɓenta, iska ta riƙa zurara. Ba tare da injin balansi da 'yar darmar da ake maƙala wa rim ba, sitiyari zai kama rawa da zarar mota ta yi gudu a hanyar Maiyama, ga lodi, ga kwalta ta ɗau zafin Afrilu.

Kafin ciniki, mai saye ya duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2019. Ya leƙa ciki ko akwai faci, ya shafa gefe ko ya tsattsage. Jami'an kiyaye haɗurra su kai wannan bayani tashoshin mota da Hausa.

Mai karatu, daga Jega