Daga Mimbari Zuwa Hukumar Tace Fim: Yadda Addini Ke Tsara Abin Da Muke Kallo

A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana shirya fim mai nuna daudu ko daba. Mutane da yawa sun ɗauka lamarin Kannywood ne kawai, amma tushensa ya fi haka nisa.

A Najeriya, kan batun luwaɗi, maɗigo da sauya jinsi, mimbari ne ke gaba, majalisa na biye. Tun da Zamfara ta fara aiki da Shari'a a 2000, jihohi 12 na Arewa suka hau wannan layi, kuma a 2001 aka kafa hukumar tace fim ta Kano. Sai a Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka ɗaura, shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mara mata baya. Malamanmu suka yaba, bishop-bishop na Katolika ma suka yaba. Abu ne mai wuya ka ga masallaci da coci sun yi magana da murya ɗaya irin haka. Ku kuma lura, saura shekara guda zaɓen 2015. Ɗan siyasa ya san inda ƙuri'a take.

Ba mu kaɗai ba ne. A Yuganda, inda coci ke da ƙarfi, Museveni ya sa hannu a doka mai tsanani a Mayun 2023, har da hukuncin kisa a wasu laifuka. A shekarar ce Bankin Duniya ya dakatar da ba su sabon bashi, amma ba su janye ba.

To ina fim ya shigo? Ai shi ne ke fara shan duka. A 2018 hukumar tace fim ta Kenya ta haramta Rafiki na Wanuri Kahiu, labarin soyayyar 'yan mata biyu, duk da shi ne fim ɗin Kenya na farko da aka haska a bikin Cannes na Faransa. Kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai kacal. A nan gida, Ife na 2020 bai ga sinima ba, a intanet aka sake shi. Ko Disney ba ta tsira ba, don Saudiyya da Daular Larabawa sun hana Lightyear a 2022.

Ni dai matsayin addini a kan wannan a fili yake, ba kuma shi nake tuhuma ba. Damuwata biyu ce.

Ta farko, nuna abu daban, tallata shi daban. 'Yan daudu suna cikin garuruwanmu tun kafin a san kyamara, suna sayar da abinci a tasha da kasuwa. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a matsayin ɗan daudu, muka sha dariya, ba wanda ya ce wa'azin daudu yake yi. Idan marubuci ba zai iya nuna yadda yaro ke faɗawa wannan rayuwa ba, da abin da iyayensa ke ji, ina faɗakarwar da kullum ake cewa ita ce aikin fim? Rufe ido ba ya hana gari wayewa.

Ta biyu ta fi nauyi. Idan doka ta zo da zafin wa'azi, wasu sai su ga an ba su lasisi. A Janairun 2014 ɗin nan, taron jama'a sun yi ta jifan wata kotun Shari'a a Bauchi suna neman a kashe waɗanda ake tuhuma, tun alƙali bai yanke hukunci ba. Alhali Shari'ar kanta ta tsananta wajen shaida, ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta kuma tanadi bulala ga mai ƙazafi. Yau a TikTok, jarumi ya yi wata tafiya ko ya sa wata riga, kafin magariba an laƙaba masa suna. Sana'arsa, aurensa, wani lokaci har ransa, duk suna cikin haɗari saboda zargi.

Don haka roƙona ga hukuma shi ne ta rubuta ƙa'ida dalla-dalla, furodusa ya san iyakarsa kafin ya zuba kuɗinsa. Malamai kuma, yadda ake jan kunne kan laifin, a ja kunne kan ƙazafi da ɗaukar doka a hannu. Mu 'yan kallo, kafin ka tura bidiyon wani da mummunan suna, tambayi kanka: kana da shaidar da za ka iya tsayawa da ita gaban alƙali?

Allah Ya sa mu dace.