RA'AYINMU: Na'ura Mai Basira da Mai Ƙuli-ƙulin Wanke

'Yan'uwa ɗalibai, a 'yan shekarun nan babu zancen da ya fi yawo a ɗakunan lacca da na kwananmu kamar na ƙirƙirarriyar basira, watau na'urar nan da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce da muryoyi da hotuna har ta iya amsa tambaya, ta yi fassara, ta yi lissafi. Tun da aka fito da ChatGPT cikin watan Nuwamba na 2022, da yawanmu mun mai da ita 'yar aiken rubuta mana jinga. To, a wannan fitowa muna so mu ɗauke zancen daga nan mu kai shi Wanke, garin nan na ƙaramar hukumar Gusau da ke kan hanyar Magami da Ɗansadau, mu tambayi kanmu: me wannan abu zai tsinana wa iyayenmu da ke can?

Ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2023 ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da takardar ɗaukar aiki ko albashin wata, balle fansho. A Wanke da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu mun san su da sunayensu: ɗan kabu-kabu, ɗan dako, mai faci, maƙeri, da uwar da ke cikin gida tana soya ƙuli-ƙuli ko tana daka daddawa, 'yarta na fita talla. Guminsu ne ya biya wa akasarinmu kuɗin makaranta. Amma in mai ƙuli-ƙulin nan ta nemi rance, sai a ce ta kawo shaidar cinikinta, alhali kuwa shekara da shekaru littafinta shi ne ƙwaƙwalwarta, bankinta kuma adashi.

Nan ne muke ganin amfanin na'urar. Wanda bai iya karatun boko ba ai ya iya magana. Da za a sami manhajar da uwar nan za ta faɗa wa da baki cewa yau ta sayi gyaɗa tiya kaza, ta sayar da mai kwalba kaza, wane kuma ya ci bashi, na'ura ta rubuta ta adana, to cikin shekara guda ta sami shaidar da ƙungiyar gama-kai ko ƙaramin banki zai duba. Haka manomi zai so ya ji farashin waken suya a Gusau da Funtuwa kafin dillali ya yanka masa. Ba tatsuniya muke yi ba. Akwai manhajar Nuru, wadda Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta Amurka ta yi tare da cibiyar binciken noma ta IITA mai hedkwata a Ibadan, wadda ke duba hoton ganyen rogo ta faɗi cutar da ta kama shi, ko da babu intanet. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a ƙasar nan cikin 2016 ita ma an koya wa na'ura gane ɓarnarta.

Sai dai fa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Akwai sharuɗɗa uku da muke ganin in ba a cika su ba, abin zai ƙare a hannun 'yan boko da 'yan birni kamar yadda aka saba.

Na farko, harshe. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma cikin Satumba na 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, mai aiki da Hausa da Yarabanci da Ibo. Madalla. Amma wace Hausa? Akasarin abin da na'urorin nan suka koya daidaitacciyar Hausa ce ta jarida da rediyo. Mutumin Wanke kuwa "biyat" yake cewa, da "hwara", da "tahiya". Na'urar da ta kasa jin "biyat" a bakin mai ciniki, hasara za ta jawo masa.

Na biyu, hanyar sadarwa. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka toshe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba mu manta da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba, sa'ad da mai waya da asusu ya ci abinci, marar su ya karyar da kayansa. Don haka duk manhajar da za a yi wa mutanenmu, lalle ta yi aiki a ƙaramar waya, ta kuma jure rashin layi da rashin wuta.

Na uku, kuma mafi girma, sirri. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, jerin sunayen da ke nuna wanda ya sayar da buhu ashirin a makon jiya ya fi bindiga haɗari in ya faɗa mugun hannu. Mun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum suna tozarta shi a idon danginsa. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka a Abuja ba ta tsare kowa a Wanke sai an sami masu tsaya mata. Ra'ayinmu shi ne, bayanan ciniki su zauna a wayar mai su, kada su fita sai da yardarsa, yardar da aka nema da Hausar da yake ji.

To, ina namu aikin? Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da sauran jami'o'inmu suna da sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta, amma sau nawa ɗalibansu suka zauna kan tabarma ɗaya? Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta haɗa su. Akwai shirin Common Voice na Mozilla, inda kowa ke iya ba da muryarsa da Hausa kyauta. Mu ba da tamu da karin harshenmu na gida. In mun je hutu, mu tattara kalmomin kasuwa da na gona da na ƙira daga bakin masu su, bayan mun nemi izini mun kuma bayyana musu abin da za a yi da su. Masu aikin kammala digiri su tambayi shugabannin 'yan kabu-kabu da uwayen adashi abin da ke damunsu kafin su zaɓi batu, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In muka yi sake, wasu za su gina abin daga nesa, su sayar wa iyayenmu da tsada, mu kuwa muna nan muna kwafar jinga. Hutu ya ƙarato. Kowa ya koma gida da littafi da alƙalami, ya dawo mana da abin da ya jiyo, za mu buga a fitowa ta gaba.