Raddi Ga Masu Cewa a Zuba Fayilolin .mod a /usr/include

Wasu masu haɗa kunshin manhajojin Fortran a Linux sun dage cewa fayil ɗin .mod da kwamfaila ke fitarwa, mazauninsa /usr/include ne. Bari mu bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce: ai .mod ɗan'uwan fayil ɗin .h ne na harshen C, duka biyun suna bayyana wa mai shiri abin da ke cikin ɗakin karatun manhaja. To, kama da wane ba ta wane. Fayil ɗin .h rubutu ne da mutum ya yi, GCC da Clang duk suna karanta shi. Shi kuwa .mod kwamfaila ce ta haife shi, kuma ƙa'idar Fortran, tun daga Fortran 90, ba ta tsara masa siffa ba. Wanda gfortran ta fitar, ifx ta Intel ba ta karanta shi. Ko a cikin gfortran kanta siffar tana sauyawa: gfortran ta GCC 8 zuwa 14 ta tsaya a kan siffa ta 15, sannan GCC 15 ta sake sauya ta. Idan na'ura ɗaya na da kwamfaila biyu, netcdf.mod ɗin wa zai zauna a /usr/include, na wa za a kora?

Sun ce: a can kowa zai same shi cikin sauƙi. Wannan ma bai tabbata ba. gfortran ba ta leƙa /usr/include da kanta don neman .mod, kuma pkg-config yakan cire -I/usr/include daga abin da yake miƙawa, da zaton kowace kwamfaila ta riga ta san wurin. Sai harhaɗawa ta tsaya cak.

Batun /usr/share kuwa, da wasunsu ke komawa gare shi, ba ya buƙatar dogon zance. Ƙa'idar FHS, mai tsara foldojin Linux, ta keɓe shi ga abin da bai dogara da nau'in injin ba, alhali .mod na iya bambanta tsakanin injin 32-bit da na 64-bit.

To, ina ya dace a ajiye fayilolin .mod? Fedora ta kai su /usr/lib64/gfortran/modules. Debian ta fi ta tsantseni, domin ta sa lambar siffar a sunan foldar, kamar gfortran-mod-15, ƙarƙashin foldar nau'in injin. A ganina na Debian ya fi, don siffa biyu za su iya zama tare ba tare da wata ta danne wata ba.