Turu Da Mari A Bayan Gida

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a filin da ka saba ba ni. Maganata yau a kan wani abu ne da ba a faɗinsa sai da raɗa, watau mai taɓin hankali da ke ɗaure a bayan gidan iyayensa.

Masu karatu za su tuna da shekarar 2019. A watan Satumba 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fid da mutum fiye da 300. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura, aka fid da mutum 67, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Cikin masu zaman irin waɗannan gidaje akwai kangararru, akwai mashaya, akwai kuma waɗanda ciwon hankali ne kurum ke damunsu. Jama'a suka yi Allah wadai, kuma sun yi daidai. Amma fa wa ya kai su? Iyayensu ne, da kuɗinsu. Da aka rufe gidajen kuwa, gida aka komo da marasa lafiyan, ciwonsu yana nan yadda yake.

To, bari mu duba yadda abin yakan faru ga manomi a nan ƙasar Dandume. Saurayi ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Sai a ce iska ce ko sammu. A tafi wurin malam, a sha rubutu, a yi hayaƙi. Daga nan a zarce wurin boka. Buhunan masara su tafi, akuya ta bi su, wani har da san noma. Damina ta faɗi, kowa yana gona, ba mai tsaronsa. Ga shi dajin da ke tsakaninmu da Sabuwa da Faskari ya daɗe ba lafiya, wanda ya yi ta yawo ciki ba ya iya faɗin ko shi wane ne, Allah kaɗai ya san abin da zai same shi. Ran nan sai uba ya nemo maƙeri. Ban ce ya kyauta ba, domin mari yakan ci ƙafa har ta ruɓe, kuma ɗaurarre ba ya ƙaruwa da kome sai firgita. Amma galibi tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba.

Wahalar kuwa kan tsohuwa take ƙarewa. Ita ce mai kai tuwo, ita ce mai kwashe ƙazanta, ita ce kuma ke cewa da baƙi ya yi tafiya, don kada a ce gidan akwai hauka 'yan matansu su rasa manema.

Abin da ya kamata kowane malami da akawu ya sanar a ƙauyensu shi ne ciwon nan yana da magani. Tun 1952 likitocin Faransa suka fara ba da ƙwayar da ke kwantar da shi, yanzu ma har akwai allura da akan yi sau ɗaya a wata. Ana duba masu shi a asibitin koyarwa na Shika, a kan hanyarmu ta zuwa Zariya daga Funtuwa, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Inda ake tuntuɓe shi ne komawa. Kuɗin mota na mutum biyu ne, ko uku in yana fizga. Da an ga ya sami sauƙi har ya ɗauki fartanya sai a bar maganin, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo, a ce na asibiti ma bai yi ba. Wani kuma ƙwayar takan sandarar masa da jiki, yana rawar hannu, yana zub da yawu, sai a tsorata a zubar. Alhali kuwa da an gaya wa likita, da ya rage ko ya haɗa da wata.

Likitocin wannan fanni a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Saboda haka jiran a aiko mana da namu aikin banza ne. Akwai dabarar da ta fi. A 1954 Dokta Adeoye Lambo, a Aro ta Abekuta, ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su je asibiti, da yamma su komo. Bai kori masu maganin gargajiya ba, jawo su ya yi cikin aikin. Kuma a watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai ciwon haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Doka dai tana Abuja, mai ciwo yana Mahuta.

Roƙona ga hukuma ɗan kaɗan ne: a koya wa malamin asibiti ɗaya ko biyu a kowace ƙaramar hukuma gane ciwon da yin allurar, a sa ranar ta zama ran kasuwa, sa'ad da motoci ke shigowa daga ƙauyuka. Ku kuma malamanmu, Allah ya gafarta muku, ƙofarku ake fara bugawa. In kun ba da rubutu, ku haɗa da cewa a kai shi Shika tun hatsi yana rumbu, don maganarku ita uban yaron zai ji, ba tawa ba.

Wasalam. Naka,
Akawu, Dandume.